Majon Inna

Wahala ce, ba zan yi muku ƙarya ba. Duk wanda ya ce muku jinyar mai ciwon daji a nono abu ne mai sauƙi, bai taɓa yi ba. Ni na yi, shekarun baya can, bayan farin nan da ya cinye mana dabbobi a Adar. Har yau in na ji warin tsumma ana dafa shi cikin tukunya sai in tuna lokacin.

Mahaifiyata ce ba lafiya, ni kuma ɗanta na fari. Ku 'yan yanzu ba lallai ku gane nauyin wannan ba. A ƙauyenmu, can gefen Babankatami, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon shi cikin ido, ba ta cin abinci gaban shi. Tun yaye kakata ta ɗauke ni. Na girma ina ganin Inna tana wasa da ƙannena, ni kuwa in na shigo sai ta juya tana gyaran murhun da ba abin da ya same shi. In tana son in gyara darni ba za ta ce da ni ba. Sai ta dubi akuya ta ce, "Darnin ga dai faɗuwa zai yi, gida kamar ba namiji." Ni da akuya mu dubi juna, in tashi in biɗo kara. Haka muka zauna shekara da shekaru, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Haka uwarta ta yi, haka duk matan gari ke yi.

Ranin da abin ya bayyana ina Galma ina aikin albasa a garkar mutane. Da na dawo, matata ta tare ni tun ban aje kaya ba. Tana da tsohon ciki lokacin. Ta ce, "Maigida, Inna ta bar daka. Hannun hagu ba ya ɗaguwa. Kuma ta koma ɗakin baya na kusa da rumbu, wai nan ya fi sanyi."

Ashe ƙullutu ne ya fito mata tun bara, ta ɓoye. Wata tsohuwa kaɗai ta nuna wa, ita kuma ta yi ta shafa mata saiwa da toka har abin ya fashe. Tun daga tsakar gida kana jin warin. Shi ta gudar mana da shi zuwa ɗakin baya.

Na tsaya bakin ƙofarta na ce wa bango, tunda haka ake magana a gidanmu, "Gobe kasuwa, akwai kamyo. Za a tahi likita."

Ta ce wa tabarma, "Ba inda za a."

Na ce wa bango, "Za a."

Muka hau babbar motar kayan muka tafi. A Bouza suka duba suka ce Madaoua. A Madaoua suka ce mu ƙara gaba, babban asibiti. Can lokotoro, wato babban likita, ya daɗe yana dubawa, ya yi ta Faransanci. Ni Faransancina na yaran mota ne, bai wuce tsaya da tafi ba. Wata mai jinya ce ta juya mini maganar, dattijuwa, gajera, mai faɗan tsiya. Ta ja ni waje ta ce daji ne, kuma ya wuce yanka. Abin da ya rage a koma gida, a riƙa wanke mikin kullum, a ba ta maganin rage zafi.

Ta ce, "Wa zai wanke? Akwai mace a gidan?"

Na ce ƙanwata tana aure can Ibohamane da ɗanyen jego, matata kuma ga ciki, ko warin daddawa amai yake sa ta.

"To kai ne."

"Madam, ni ɗan fari ne."

"Ni ma 'yar fari ce. Wanke hannu."

Ta kai ni gaban gadon. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ni kuma na kafa wa rufin ɗaki ido. Sai na ji an kama kunnena an jawo ƙasa. "Rufin ne ke ciwo? Nan za ka duba." Na duba. Ban faɗi ba, amma saura kaɗan. Ta nuna mini yadda ake tafasa ruwa da ɗan gishiri a bar shi ya huce, yadda ake dafa tsummoki a shanya su a rana ba a ƙasa ba. Ta ce in tsumma ya manne kada in fizge, in jiƙa shi har ya saki da kan shi, in ba haka ba jini zai ɓalle. Ta ce in riƙa ɗora hannun da ya kumbura bisa matashi.

Ranar da za mu tafi ta ƙara da wata magana. Ta nuna mini matan da ke kwance ta ce, "Ka gan su? Abin da ya fi cin su gudun da mutane ke yi musu. In ka gama wanki kada ka zabura kamar wanda ya taka garwashi. Zauna, bari ta yi magana."

Na ce, "Ai ba ta magana da ni."

"To zauna ka yi shiru. Ko shi ma ba ka iya ba?"

Ta miƙo mini wata tsohuwar farar rigar aiki, aljihu ɗaya ya yage, ta ce in riƙa sawa kada ruwan miki ya ɓata mini tufa.

Da muka dawo gida Inna ta ƙi. A asibiti ta haƙura don tsoron matar nan, amma a ɗakinta, ɗan fari ya buɗe mata ƙirji? Ta damƙe zane da hannun kirki ta ce wa randa, "Gara a binne ni haka." Matata ta gwada, baiwar Allah, ba ta kai ga cire tsumma ba ta fito da gudu tana amai tana kuka. Inna ce ma ke ba ta haƙuri daga ciki.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Ƙuda ya cika ɗakin. Matan unguwa, waɗanda da ba su da wurin kitso sai gindin cinyarta, suka koma gaishe ta daga bayan darni, hanci cikin mayafi. Ban ga laifinsu ba, ni ma da kyar nake tsayawa. Amma sai in leƙa in gan ta kwance, fuska ga bango, ba mai ce mata komi tun safe har yamma. Wannan ya fi warin damuna. Uwata za ta ruɓe ita kaɗai a bayan gida, ina zaune da ruwan gishiri cikin tukunya.

Wata safiya raina ya ɓaci. Na ce yau ko da tsiya sai na wanke. Na zura farar rigar nan, ba don wata dabara ba, don dai an ce in sa. Ta matse ni a hammata, ko cibiya ba ta rufe ba. Na ɗauki tukunya na yi sallama bakin ƙofa.

Ta ɗan ɗaga bakin mayafi ta dubi rigar. Sai na ji ta ce, "Majo ne?"

Majo shi ne babban mai jinya na gidan likita, haka muke ce musu. Na buɗe baki zan ce Inna ni ne, sai matata da ke bayana ta mintsine ni a kwiɓi har na kusa zubar da ruwan. Na gyara murya na ce, "Awo, majo ne."

"To shigo, majo. Ka sha hanya."

Kada ku ce ruɗewa ta yi. Hankalinta garau. Ƙafafuna da kaushinsu ko cikin kasuwar Madaoua za ta gane su. Hanya ce ta nemo mana, ni da ƙaton kaina ban gano ta ba.

Ta saki zanen. Fuskarta a rufe, na jiƙa tsumman da ya kwana biyu a manne, na jira har ya saki. Ta cije. Na wanke, na ɗaure da sabo, na ɗora hannun bisa matashi. Ƙafafuna suka ce mu gudu, sai na tuna kunnena da aka ja. Na zauna bakin tabarma.

Can ta ce, "Majo, hannunka kamar bawon gawo. Ina suka koya maka aikin ga, bayan jaki?"

A rayuwata ba ta taɓa jefo mini magana kai tsaye ba, ta farko kuma ba'a ce.

Daga ranar haka muka yi, safe da la'asar. In na shiga da tufana ta juya ga bango, in na sa rigar baki ya buɗe. Ta yi ƙorafin maganin, wai ɗaci kamar an dafa shi da baƙin hali. Ta ba ni labarin wanda ya nemi aurenta kafin babana, wani mai raƙumi ɗaya da ke cika baki kamar mai garke. Ta kwaikwayi tafiyar liman da kafaɗa ɗaya tana kwance. Na yi dariya har da hawaye. Ina da gemu, ina shirin zama uba, sai lokacin na san uwata mai ban dariya ce. Ƙannena duk sun sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Wasu ranaku kuma ba dariya. Zafi ya taso ta yi ta kiran Allah, ba abin da zan iya sai fifita da korar ƙuda. Wani lokaci ta ce, "Majo, ina jin tsoro." In ce, "Ina nan." Ban da wata magana da ta fi wannan, ban yi lakkol ba, ko ƙofar aji ban taɓa takawa ba.

Da warin ya ragu mata suka fara shigowa ɗaya ɗaya. Su ma suka kama, in sun gan ni da rigar sai "Sannu da aiki, majo," suna danne dariya. Labari ya kai masallaci. Wani dattijo ya tare ni ya ce bai kamata ba, ɗa namiji, ɗan fari ma. Na ce, "Baba, ruwan na kan wuta, zo ka karɓe ni." Bai sake ba.

Ruwa ya sauka, gari ya fita shuka, ni ban je ba. Jikinta ya fara ja baya sosai, ko kunu sai da lallashi. Wata la'asar na gama ɗauri na zauna, sai ta ce, "Majo, kana ganin ɗana? Babban."

"Nakan gan shi."

"Wane iri ne a ganinka?"

"Baƙauye ne, ga taurin kai."

"Kul! Kada ka zage mini ɗa cikin ɗakina."

Ta maida numfashi. Sa'an nan ta ce, "Wanga nono da kake wankewa, shi ya hi so. Ɗayan ko an ba shi ba ya kamawa. Ranar da kakarshi ta ɗauke shi, nonon ga ya cika har ina zazzaɓi. Ina jin kukanshi ta bayan darni, ba damar in je, sai a ce ban da kunya. Na cusa zane a baki na yi nawa kukan." Mayafin da ke fuskarta ya jiƙe wajen idanu. "Ka hwaɗa mishi ban taɓa ƙin shi ba, ko na yini ɗaya. Ka ce na yahe mishi nonon da ya sha. Kuma ka ce ya tahi ya yi shuka, kowa ya shuka shi yana nan yana gadin tsohuwa. Mi iyalinshi za su ci?"

Na ce, "Zan hwaɗa mishi." Na kwashi tsummoki na fita. Bayan rumbu na tsaya, ban san tsawon lokacin da na yi nan ba.

Da na dawo na ce wa matata gobe ba zan sa rigar ba. Zan shiga a ɗanta, in durƙusa, in amsa mata da bakina. Matata tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sai ta juya ga bango. Mutum ɗaya take buɗe wa cikinta duk duniya, shi za ka kora?"

Inna ta kai bayan kaka. Ta ga jikanta, ta tofa mishi addu'a. Ta rasu da tsabta, mata kewaye da ita, kanta da sabon kitso. Ciwon ban iya mishi komi ba, ba wanda ya iya. Yanzu na ji an ce in aka je da wuri ana samun sauƙi, don haka ku matan da ke karanta wannan, in kun ji ƙullutu kada ku ɓoye, ku je a duba. Ku kuma masu jinya, wanki aiki ne, amma zaman da ke bayan shi ne maras lafiya ke jira. Kuma ba dole sai yadda kai kake so za a karɓi taimakonka ba. Ni na so in ji ta kira sunana sau ɗaya. Ba ta kira ba har ta koma ga Allah, kuma wani lokaci abin yakan taso mini. Amma na sami watanni ina hira da uwata, abin da 'yan fari na zamaninmu ba su samu ba.

Washegarin ranar saƙon, tun da sassafe na tafasa ruwa na sa rigar. Na yi sallama na ce, "Inna, na kai saƙo."

"Mi ya ce?"

"Ya ce ya ji. Ya ce ya gode. Ya ce duk Adar ba wanda ya kai shi sa'ar uwa."

Sai ta ce, "Cika baki kamar ubanshi."

Na wanke mikin, na ɗaure, na gyara mata matashi, na zauna har barci ya ɗauke ta. Sa'an nan na fito na rataye rigar bisa darni, na ɗauki sungumi da ƙwaryar iri, na nufi gona.