Abin da Baturiyar Ta Ce a Yako

Shekara goma sha huɗu muka yi da Malam Habu a makarantar sakandare ɗaya a Kiru, ni ina koyar da labarin ƙasa, shi Faransanci. Ɗan Badafi ne. Yana yaro kawunsa mai fataucin hatsi ya tafi da shi Damagaram, ya jefa shi lakwal, makarantar bokon can, ya dawo bayan shekara bakwai da harshen da babu mai jinsa a duk faɗin ƙasarmu. Har tsokanarsa nake yi, in ce ko zagin mu yake yi a aji babu mai kama shi. Sai ya yi dariya ya gyara hula. Mutum ne mai tsabta da son a girmama shi, kuma wannan son girman ne ya kai shi ya baro.

Matarsa Maijidda Bafulatana ce daga wata ruga wajen Doguwa. 'Ya'yansu huɗu, amma ta ukun, Furera, ita ce 'yar gaban goshi. Kowa a unguwar ya san ta da dauriya. Ƙaya za ta soke ta ba za ta ce uffan ba, ta taka rairayin azahar ba takalmi sauran yara na tsalle-tsalle. Uwar takan ce, "Jinina ne, mu ba ma raki." Mu ma muka taya ta yabo. Ina tuna wannan yabon yanzu sai raina ya ɓaci.

A bazarar 1988 wata ƙungiyar ƙasar waje ta turo likita, Baturiyar Faransa, ta zagaya ƙauyuka tana duba fatar yara saboda kuturta. Turancin Ingilishinta bai taka kara ya karya ba, sai aka nemi tafinta, aka zo wa Malam Habu. Tun da ya dawo daga Damagaram bai taɓa magana da mai harshen ba. Ranar da za a yi ƙauyen Yako ya sa farar shadda, ya ɗora Furera a bayan babur, tana 'yar shekara tara, wai ta zo ta ji babanta na Faransanci. Ni ma na bi su don kallo.

A gindin wata ɗorawa aka ajiye tebur. Aikin ba wuya: yaro ya rufe ido, a shafa masa auduga a fata, ya nuna inda ya ji. Amma yaran Yako da an taɓa su sai su ƙyalƙyace da dariya suna zillewa. Baturiyar ta rasa gane dalili. Jami'in lafiya da aka haɗo ta da shi daga Kano, wanda ya rantse ba zai yi Hausa a gaban baƙuwa ba, ya faɗa wa Malam Habu da Ingilishi cewa ya gaya mata cakulkuli suke ji. Malam Habu ya san kalmar da Ingilishi, ya san ta da Hausa, amma ta Faransancin ta ɓace masa fat. Na ga gumi ya keto masa. Jami'in ya taɓe baki ya koma layin manya.

Maimakon ya ce bai sani ba, sai ya jawo Furera, ya zaunar da ita a benci, ya cire mata silifas, ya hau yi mata cakulkuli a tafin ƙafa don ya nuna wa Baturiyar abin da ake nufi. Yarinya ta zuba masa ido kawai. Ya ƙara, ya koma ɗaya ƙafar. Ko gezau. Mutane suka bushe da dariya, wani dattijo ya ce, "Kai, jinin Fulani ba wasa ba!"

Baturiyar ta gane kalmar, har ta faɗe ta, "shatuye", tana murmushi. Sai murmushin ya tsaya. Ta durƙusa, ta sa Furera ta rufe ido, ta bi ƙafafun da auduga, sannan da bakin biro. Ta ɗaga rigar yarinyar ta daɗe tana duban wani fili mai haske a bayanta. Daga nan ta miƙe ta yi wa Malam Habu doguwar magana a hankali, ta rubuta takarda ta ba shi.

Magatakardan da ke riƙe da littafin sunayen marasa lafiya ya ce, "Malam, me ta ce? In rubuta ta?"

Malam Habu ya ce, "A'a. Ta ce ƙyasbi ne, a shafa mata mai."

Magatakarda ya gyaɗa kai, Baturiyar ta ga an gyaɗa kai, ta kira yaro na gaba. Ni ma na yarda. Wa zai ƙaryata shi, da wane harshen?

Na san abin da ya ji tsoro, ba sai an gaya mini ba. A lokacin, duk gidan da sunansa ya shiga littafin nan, an daina cin tuwo kwano ɗaya da su ke nan. Ba a neman aure a gidan, ba a kai musu. Ana gaisawa da maigidan daga nesa, hannu a aljihu. Daga baya ya ce mini niyyarsa ya kai ta Kano a ɓoye, inda ba wanda ya san shi. To jarrabawa ta zo, damina ta sauka, aka shiga girbi. Yarinya na wasanta, ba ta kuka da komai, shi kuma kullum gobe. Ko Maijidda bai gaya wa ba. Da tabon ya ƙaru, sai ta kai ta Doguwa wajen danginta aka yi ta jiƙe-jiƙe da turare wata takwas, shi yana kallo.

A 1991 asiri ya tonu. Furera na taya uwarta tuƙin tuwo, ta taka garwashi ta tsaya a kai. Ƙaurin ne ya sa Maijidda ta waiwayo. A ranar ya ɗauke ta sai asibitin fata a Kano, a gaban idon duk unguwa. An kashe cutar, Alhamdulillahi, amma abin da ta ci ta ci: yatsun ƙafa uku suka tafi, na hannun dama suka ƙanƙance. Abin da ya guda kuwa ya same shi har da ƙari. Yayarta aka fasa aurenta. A ɗakin malamai aka ware masa kofin shayi, kuma ba zan yi ƙarya ba, ban hana ba.

Bai bar koyarwa ba, amma farar shaddar nan ban sake ganinta ba. Ya rame, ya daina raha. Kullum da safe kafin ya fito shi ke jiƙa mata ƙafafu a ruwa, ya duba ko akwai ciwon da ba ta ji ba, ya shafa mai. Na ji tausayinsa a lokacin. Da na san gaskiya sai tausayin ya gauraye da haushi, har yau ban iya raba su ba.

A 1996 na raka su Kano a gwada mata takalmi na musamman. A dawowa muna zaune a Kwanar Dangora muna jiran motar Kiru, rana tsaka, sai Furera, wadda ta kai sha bakwai, ta ce, "Baba, ranar nan a Yako, me Baturiyar ta ce? Ta daɗe tana magana, kai kuma 'yan kalmomi kaɗan ka faɗa."

Na ɗauka zai kauce. Sai ya sunkuyar da kai ya fassara mata, jimla bayan jimla, kamar yanzu ake faɗa masa. Cewa kuturta ce. Cewa an yi sa'a an gano da wuri. Cewa maganin kyauta ne, a rubuta sunanta yau, ta fara sha yau. Cewa in aka yi haka ko farce ɗaya ba za ta rasa ba.

Furera ta juya tana kallon titi. Can ta ce, "Ko farce, Baba?"

Ya ce, "Ko farce."

Ta ja hannunta na dama ta mayar cikin mayafi. Motar ta zo, yaron mota na kiran Kiru, Kiru, babu wanda ya tashi a cikinmu.