Ɗakin da Zanzaro Ya Gina wa Bushiya

Ɗakin Kaka baƙi ne wuluk daga sama. In ka shiga ka ɗaga kai ba za ka ce da ciyawa aka yi jinkar ba, don hayaƙin shekara da shekaru ya bi ta ya shafe har tana sheƙi kamar gindin tukunya. A gungunmu, tsibirin da aka haife ni a tsakiyar kogin Kuwara kudu da Yelwa, kowace tsohuwa haka ɗakinta yake: zagayayye, na laka, da gadon ƙasa a gefe, da murhu a tsakiya wanda ba ya mutuwa. Hayaƙi ya tashi ya ratsa jinka ya yi tafiyarsa, sauro ya bi shi, mu kuma mu zauna a ƙasa idonmu garau.

Daga tsakiyar jinkar nan, daidai saman wuta, akwai wasu zangarniyoyin gero a rataye. Iri ne. Wani gajeren gero ne mai saurin nuna da muke kira ɗan gungu, kafin kogi ya cika ya hau gona an girbe shi. Kaka ta samo shi wurin uwarta ranar da aka kawo ta gidan kakanmu, duk lokacin girbi kuma sai ta zaɓi mafi kyawun zangarniya ta rataye, hayaƙi ya tsare mata shi daga ƙwari har damina ta kewayo. Ni ce babbar jika mace, saboda haka ni aka ajiye wa. In na yi rashin ji sai ta nuna sama da muciya ta ce, "Ki ci gaba, Hajo. Ran bikinki da hannu biyu za ki tahi, in ba akuya geron." Na san wasa take yi, amma ko kusa ban so jin wasan nan.

Da an gama tuwo bayan magariba sai mu cika ɗakin, ni da ƙanena Garba da 'ya'yan maƙwabta. Kaka da yarenmu Gunganci take faɗa, da Hausa take tatsuniya, ta ce ƙarya ta fi zama da kyau a bakin 'yan kasuwa. Ba ta buɗewa yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ga ta nan tahe cikin jirgi, wa ka kama mata igiya?" Mu ce, "Mu ne, ta iso mu ji ta!" Garba kuwa, da take kira angonta, shi ke fara barci, kullum kuma shi ke musun ya yi.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta Bushiya da Zanzaro. Wai wata shekara kogi ya yi ambaliya ya cinye ramin Bushiya, ta fito tana rawar sanyi ba wurin kwana. Zanzaro, wanda duk dajin ba maginin da ya kai shi, ya ji tausayinta ya ce zai gina mata ɗaki kyauta, sai dai ya fara zuwa ya gwada ta. To Bushiya akwai kunya. Ta dubi gajerun ƙafafunta da dogon bakinta, ta ce yaya babban baƙo zai gan ta haka? Da ta ji ƙugin fukafukansa sai ta dunƙule, ta ɓoye kai da ƙafa, ta zama kamar curin fura.

Nan Kaka take matse hanci ta yi muryar Zanzaro: "Bushiya, iyakarki ke nan?" Sai ta sunkuyar da kai ta amsa can ƙasa: "Iyakata ke nan, ranka shi daɗe." "Ba ki da ƙahwa?" "Wace ni da ƙahwa!" Mu kuwa dariya har da birgima.

Zanzaro ya kewaye ta ya auna, ya tafi ya kwaɓa laka, ya gina ɗaki sumul, zagayayye, daidai curin da ya gani. Duk dabbobin daji suka zo kallo suna sa albarka. Bushiya ta shiga, ta zo miƙe ƙafa ba wuri, ta zo fito da baki ta sha iska ba wuri. Ta yi ta kwana a dunƙule, kunya kuma ta hana ta faɗa, don ba a raina kyauta. Sai ran nan hadari ya haɗu, aka kwana ana ruwa, laka ta jiƙe ta narke, Bushiya ta miƙe ta yi hamma, ta je ta haƙa raminta da kanta, dogo har da wurin juyi. Kaka ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus, na ɗaure jirgina. Kowa shi tai ɗakin uwatai."

Bayan an samu 'yancin kai da 'yan shekaru aka fara maganar za a datse kogi a Kainji, ruwa zai hau ya rufe gungaye, gwamnati za ta gina mana sababbin gidaje a tudu. Manya suka yi ta gardama, wasu suka ce ba mahalukin da zai iya tsayar da Kuwara. Sai ga saƙo daga hakimi cewa masu zanen gidajen za su zo su ga yadda muke zama, don su yi mana irin namu.

Wanda bai san mutanenmu ba zai ce abin farin ciki ne, ai sun zo tambaya. Mu kuwa abin da muka ji shi ne baƙi za su shigo har ɗaki. Matan gungu suka tashi haiƙan. Aka kankare baƙin bango aka shafe da farar ƙasa. Kaka ta sa Baba ya hau ya sauke geron nan aka kai rumbu, aka ɗaure sababbin asabarai a ƙarƙashin jinka don kada a ga kunkunniyar hayaƙi. Murhun da tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa a mace ba, ta kashe shi, ta kwashe duwatsun, ta share toka, ta shimfiɗa tabarma a kai ta jera tasoshin mahaifiyata. Ɗaki ya yi fes, ya koma na wata matar da ban sani ba.

Bature ne ya zo, da tafinta da wani mai riƙe masa igiyar awo. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin yana da ladabi, har takalmi ya cire a bakin ƙofa. Ya auna faɗin ɗaki, ya auna ƙofa, ya shafa gadon ƙasa, ya zauna ya zana. Sai ya sunsuna iska, ya yi wa tafinta magana. Tafinta ya ce, "Inna, wai yana tambaya, cikin ɗakin ga kuke hura wuta?"

Kaka ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Wuta cikin ɗakin kwana? Haba ɗan nan, sai ka ce wasu mutanen daji. Waje muka dahuwa."

Ya gyaɗa kai ya rubuta. Da suka shiga jirgi ta mayar da duwatsunta, ta hura wuta, aka sake rataye gero, har tana yabon kanta wai ta fitar da gidanmu kunya.

Gidajen da aka kai mu suna da kyau, wannan ba musu. An jera su a tudu, bangon siminti mai lanƙwasa irin na ɗakunanmu, rufin wani farin abu mai kauri da aka tanƙwara kamar jirgin da aka kife. Akwai zaure, akwai tsakar gida, har wurin girki an ware a waje, tunda a waje muka ce muna dahuwa. Mutane suka zo daga Yelwa da Shanga kallo. Ranar farko Kaka ta jera duwatsu uku a tsakar sabon ɗakinta ta hura wuta. Hayaƙi ya tashi ya bugi rufi ya dawo mana. Kafin ta ce ga ta nan, duk mun fito muna hawaye, Garba yana tari kamar zai shiɗe. Baba ya ce, "Inna, don Allah kada a sake, za ki kashe min yara." Ta dubi rufin tana neman inda za ta rataye gero, ba azara, ba tanka, ko ƙusa ba ta shiga.

Baba ya yi alkawarin zai yi mata ɗakin laka a bayan gida. Amma ƙasar tudun tsakuwa ce, ba ta kama gini, ciyawar jinka kuma a bakin kogi take, ta riga ta nutse. Gonakin da aka ba mu daji ne da kututture, maza suka ƙare a sassabe, daminar farko ta wuce ba mu da inda za a shuka ɗan gungu. Kaka ta sa zangarniyoyin a tukunya, ta zuba toka, ta liƙe baki, ta tura ƙarƙashin gado. Ɗakin kuwa da rana tanderu ne, da damina bango ya yi ta gumi.

Da damina ta biyu ta matso Kaka ta kira ni na riƙe mata tukunya ta fasa liƙin. Ƙwari ne suka fara fitowa. Ta sa hannu ta ɗago zangarniya, ta marmashe a tafinta ta zama gari. Ta bi gidajen mutanen gungunmu ɗaya bayan ɗaya ko wata ta tsira da nata, duk labari ɗaya ne. Mun tsince 'yan ƙwayoyin da suka yi kama da lafiyayyu muka shuka bayan gida, na yi ta zuwa dubawa safe da yamma har na gaji. Ko ɗaya bai tsiro ba. Na yi kuka sosai, ita ba ta yi ba, kuma rashin kukan nata ya fi ba ni tsoro.

Tatsuniya ta koma tsakar gida, in ba ruwa ba iska. Yara suka ragu. Wani maraice Garba ya nace sai an yi ta Bushiya. Ta fara, ba muryar Zanzaro ba matse hanci. Ta kawo inda Bushiya ke kwana a dunƙule sai ta tsaya tana tona wuta da tsinke.

Garba ya ce, "Sai hadari ya taso, ko Kaka?"

Ta ce, "Ya taso, angona. Anka kwana ana ruwa."

"Sai ɗakin ya narke!"

"Bai narke ba. Wanga karon da siminti yay yi shi."

Muka jira ta ɗaure jirginta, ba ta ɗaure ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. A ɗakin nan ta rasu kafin Baba ya samo lakar da ya yi alkawari, ni kuma aka kai ni gidan miji da tasoshi da tabarmi, ba gero.

Yanzu na haura shekarun da take da su a lokacin. Ɗana Bashir zanen gidaje ya karanta, shi ke yi wa manyan mutane benaye masu gilashi daga sama har ƙasa. Na ba shi labarin nan, ya ce in daina ɗora wa Kaka laifi, ko da ta faɗi gaskiya ba za a canza zanen dubban gidaje don murhun tsohuwa ɗaya ba. Wataƙila haka ne. Ni dai na san duk matan gungu abin da suka yi ke nan, kuma na san Kaka ta gane wace ce Bushiya tun ranar da hayaƙi ya koro mu.

Da zai gina mana gida a Yelwa ya zauna gabana da takardarsa ya ce, "Inna, mi kike so a sashenki?" Na ce ba zan dunƙule ba. Na faɗa masa komai: ɗaki zagayayye, murhu a tsakiya, azara ta rataya, da hanyar da hayaƙi zai fita. Ya yi dariya, amma ya yi, ya kuma yi shi da fasaha, da wata 'yar hula a ƙololuwar rufi mai zuƙe hayaƙi ta hana ruwa shiga. Har abokan aikinsa suna zuwa ɗaukar hoto.

Na hura wuta na kira jikoki. Suka zo suka tsaya a bakin ƙofa, babbar ta toshe hanci ta ce kayanta za su yi wari. Na ce, "Ga ta nan tahe cikin jirgi," ba wanda ya san abin da ake amsawa. Na ɗaga kai na dubi azarar, sabuwa fil, ba abin da zan rataya mata. Na yi 'yan kwanaki ina zama ni kaɗai, daga baya na bar wutar ta mutu, don itace ma yanzu da tsada.

Bara da wutar lantarki ta yi ta ɗaukewa, Bashir ya sayo janareto. Aka kewaye gidan kaf ana neman inda za a ajiye shi, sai aka ga duk gidan ɗakin murhuna kaɗai ne hayaƙi ke iya fita. Ya zo yana sosa ƙeya ya ce, "Inna, ko kina amfani da shi?"

Na ce, "Wace ni. Ku sa."