Matar da ta ƙi jinin yayana

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga ɗakin gwajin jini, ta rataye mayafi a bayan ƙofa, ta goge madubin duba ƙwayoyin cuta, sannan ta gaida mutane. Shekara talatin da ɗaya haka abin yake, madubi tukuna, 'yan Adam daga baya. Ma'aikatan asibitin suna ce mata Inna Mai Madubi. A bayan idonta kuwa Hana-Gaggawa, sunan da ta sani sarai, bai kuma taɓa hana ta barci ba.

Aikinta ba shi da kwarjini. Mai ba da jini ya zo, ta ɗiga ɗigo a kan gilashi, ta bari ya bushe, ta rina shi, ta sunkuya tana leƙe. Akwai tsinken gwaji na zamani mai ba da amsa cikin minti goma sha biyar, tana kuma amfani da shi. Sai dai ta ce in ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro 'yan kaɗan ne, tsinke yakan wuce su bai gani ba. Saboda haka in mai ciki ko jariri za a ƙara wa jinin, sai ta leƙa gurbi ɗari biyu a gilashin, ɗaya bayan ɗaya, kafin ta ce babu.

Na ga haka da idona ranar da aka kwantar da matar yayana, cikinta wata bakwai, tafin hannunta fari fat. Likita ya ce a ƙara mata jini kafin la'asar. Yayana, ƙato ne mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa, ya naɗe hannun riga kamar mai shirin karɓar lambar yabo. Jininsu ya zo ɗaya, tsinke ya ce lafiya lau. Muka fara hamdala. Inna ta ɗauki gilashi.

Sau biyu nas tana leƙowa. "Inna, likita fa yana jira."

"Ya jira. Shi ma sai da ya yi wata tara kafin ya fito."

A gurbi na ɗari da sittin da wani abu ta ɗago kai. "Ɗana, ba za a sa mata wannan ba."

"Haba Inna, shekara goma ko ciwon kai ban yi ba."

"Na yarda. Kai da ƙwayoyin zazzaɓin nan kun zama maƙwabta, ba ka jin motsinsu. Ita kuwa yau ba ta da ƙarfin saukar baƙi, balle na cikinta."

"Matata ce fa."

"Shi ya sa."

Ta miƙa masa takarda ya kai wa likita a rubuta masa magani, ta aika a kira direban motar asibiti, wanda rukunin jininsa ke cikin kanta kamar karatun sallah. Shi ma da ta san shi shekara ashirin, sai da ta leƙa masa gurbi ɗari biyu cif. Aka ɗaura mata jinin kafin la'asar, da ƙyar. Bayan wata biyu aka haifi yarinya, yanzu tana aji huɗu, kuma surutunta ya ishi kowa.

Inna, ke ce idon da ke gani a madadin wanda ke kwance. Irin aikinki, in ya yi kyau babu abin da ke faruwa, kuma ba a taɓa jin wanda ya dawo asibiti godiya saboda ciwon da bai kama shi ba. Mun iya yi wa likita addu'a, mun iya yi wa mai ba da jini kirari. Wadda ta tsaya a tsakaninsu ta ce a dakata, ita muke harara ta taga.

Makon jiya ta yi ritaya, da tabarau mai kaurin gindin kwalba da wuya wanda ya ƙi miƙewa. Jawabin bankwana minti huɗu ya ɗauka. Yayana, wanda har yau yake cewa ta ci masa fuska a gaban ƙaninsa, shi ya ɗauki kwalin kayanta ya kai mota.

Mun gode, Inna. Allah ya saka, ya bar miki sauran ganin. Ku da kuka gaji kujerarta, ranar da aka tsaya muku a ka ana duba agogo, kada ku tashi a gurbi na ɗari. Akwai mai numfashi a ɗakin can da ba ta san sunanku ba, kuma ranta yana cikin ɗarin da ya rage.