Mai Keke a Bayan Masu Waƙa

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye shi aka kai wa kakarmu a Bakori. Da ya girma ya dawo Funtua, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In za ta aike shi, ni take faɗa wa: "Auta, ce wa wancan ya zo ya faskara itacen nan." Yana tsaye kusa da ni fa, yana ji. Sai ya yi dariya, ya sosa ƙeya da hannun hagu, ya ɗauki gatari.

Direban babbar mota ne, yana kai masara kudu. Wata kaka ya tafi bai dawo ba. Motar ta faɗi ta kama da wuta, mutanen wani gari da ban taɓa takawa ba su suka yi masa sutura. Hotonsa ɗaya ne tak a duniya, na jikin lasisinsa, shi ma yana cikin aljihunsa. Ranar da labari ya zo mata suka cika gida da kuka, Inna kuwa ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ci gaba da tankaɗe. Mutane suka yi ta yaba mata dauriya. Ni haushi na ji, har na yi kwanaki ina amsa mata magana a daƙile.

Shekarar da auduga ta yi mini kyau, na sayo bidiyo ta hannu a wurin wani abokina. Ibo ne, amma a Funtua aka binne cibiyarsa, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ubansa na sayar da kayan wuta, shi kuma ya ware gefen shagon yana gyaran rediyo yana ba da hayar kaset. A wancan zamani matan aure ba sa zuwa silima, labarin Indiya sai dai su ji a bakin mazansu. Da bidiyo ta shigo gidanmu sai ɗakin matata ya koma dandali. Ana sallar la'asar matan maƙwabta za su fara sallama, kowacce da goyonta. Duk cikinsu babu mai jin ko "zo in kashe ka" da Indiyanci, amma matata ta naɗa kanta tafinta. Jarumi zai buɗe baki sau ɗaya, ita ta yi masa fassarar da ta kai tsawon huɗuba, sauran kuma su yi ta share hawaye.

Inna ko kallon ƙofar ba ta yi. "Ƙattin banza," in ji ta, "ba gona ba kasuwa, sai zagaye bishiya da 'yar mutane."

Akwai wani kaset da aka kwafo daga kwafi, shi ma daga wani kwafin, har launinsa ya koɗe, mutanen ciki suka yi duhu kamar an shafa musu baƙin tukunya. Babu kwali babu suna, mu dai muna ce masa "na 'yar mai lambu". A tsakiyarsa akwai wata waƙa da saurayi da budurwa ke yi a cikin kasuwa. Rannan Inna ta shigo ɗaukar faifai daidai ana wannan waƙa. A bayan masu waƙar, can gefe, wani mutum ya turo keke da buhu a kai. Ya tsaya, ya sosa ƙeya da hannun hagu, ya juyo ya dubi wajenmu, ya wuce. Duka bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba.

Ina zaune a bakin ƙofa, na ga yayana sak. Tsayin nan, faɗin kafaɗar nan, yadda ya karkatar da kai. Na dubi Inna, na ga ta ƙame da faifai a hannu. Sai ta juya ta fita.

Washegari da hantsi, ba kowa a gidan, ta same ni ina ɗaure buhu.

"Auta, abin nan naku ana iya maida shi baya?"

"Ana iyawa, Inna."

"To sa mini wurin mai keken nan. Buhun nake son gani, kamar irin namu."

Na sa mata. Ta zauna a ƙasa dab da talabijin, ta zuba masa ido. Tun da nake ban taɓa ganin ta dubi yayana haka ba. Da ya wuce ta ce, "Sake." Da na nuna mata ana iya tsayar da hoto ya tsaya cak, sai ta ce in tsayar in je in yi sabgata.

Daga nan abin ya zame mata kamar cin goro. Na roƙi abokina ya bar mini kaset ɗin gaba ɗaya. Kullum in an kawo wuta da rana za ta shigo, matata ta ba ta wuri, babu mai tambaya. Kowa a gidan ya san wa take kallo, kuma babu wanda ya isa ya furta. Ta fara cin abinci da marmari, har wasa take yi da jikoki. Ni kuwa kunya ta kama ni, na tuna irin haushin da na ji ranar tankaɗe.

Abokina ne ya fara ja mini kunne. "Kai, tsayar da hoton nan cin zaren kaset yake yi. Kan bidiyo yana nan yana gogar wuri ɗaya. In kuka ci gaba, wata rana ba za ku ga komai ba."

Gaskiyarsa. Da fari wani farin layi ne ya riƙa gittawa a ƙafar mai keken. Sai ya hau ƙirji. Sai hoton ya soma rawa, yayyafi ya rufe fuskar. Na ce, "Inna, mu rage, kallon ne ke cinye shi." Ta ce to. Washegari ta dawo. Yaya zan yi? In hana ta, na raba ta da shi yau. In bar ta, na raba ta da shi gobe. Na rasa wanda zan faɗa wa, domin maganar ba ta faɗuwa.

Wata ranar Laraba bidiyon ta yi wani ƙara, hoto ya ɗauke. Na zaro kaset, zare ya biyo shi a tauna a cukurkuɗe. Na ruga shagon abokina ko hula ban sa ba. Ya buɗe, ya juya, ya girgiza kai. Ya ce wurin da ya taune ya mutu, sai dai a yanke a haɗa sauran da salatif. Na ce wurin nan shi kaɗai nake so, sauran a zuba a bola. Ya dube ni ya gane, don ya san yayana, tare suka yi ƙwallo. Ya naɗe guntun zaren ya sa mini a hannu.

Na kai wa Inna. Ta fita tsakar gida ta ɗaga shi saitin rana, tana zaton za ta ga 'yan hotuna a jere kamar na mai ɗaukar hoto. Baƙi ne wuluk, ba komai. Ta juya shi ta sake ɗagawa. Daga ƙarshe ta ƙulle shi a bakin zanenta ta shige ɗaki.

Tun daga ranar ta daina fitowa. A kai tuwo a ɗauko shi yadda aka kai. Ba zazzaɓi ba ciwon kai, ta dai kwanta ta juya wa ƙofa baya. Na ga uwata tana narkewa a gabana, na rantse ko ƙarƙashin ƙasa wani kwafin yake sai na tono shi.

A nan na gane wautarmu. Fim ɗin ba mu san sunansa ba. Kowane gari da sunan da ya laƙaba masa. Na je Bakori na ce "na 'yar mai lambu", aka ba ni wani da macizai suka cika shi. A Danja mai shagon ya ce in ba shi labarin. Na ce saurayi talaka, budurwa 'yar masu kuɗi, uba ya ƙi. Ya kwashe da dariya ya nuna mini kanta gaba ɗaya, ya ce, "Malam, ai duka ka faɗa." Na ce akwai wani mai keke a bayan masu waƙa. Ya dube ni kamar wanda ya tsero daga turun mahaukata. Wa ke kallon mai keke a fim ɗin Indiya?

Sai na koma rera waƙar. Ni da muryata kamar ta jaki mai mura, magidanci da gemu, ina tsayawa a bakin shaguna ina rera waƙar mata da yaren da ban sani ba, samari suna tuntsira dariya. Ban damu ba. Masarata ta isa girbi na bar ta a gona, ɓeraye da gara suka yi biki. Duk inda aka ce akwai mai bidiyo, ko gidan aure ne, sai na yi sallama.

A Malumfashi Allah ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya, Bayarabiya, wadda ta zo maida kaset ta ji ina wannan abin kunya. Ta ɗauki waƙar daga inda na tsaya ta ƙarasa. Ta ce tana da shi, kuma nata na asali ne, da kwalinsa, mijinta ya sayo a Legas. Na kusa durƙusa mata a titi. Da ta ɗauko mini shi, ban ko tsaya gwadawa ba, na sa shi cikin riga na hau bas, hannuna a kai har Funtua.

Matata ta kamo Inna ta zaunar da ita a wurinta na kullum. Na sa kaset na kai shi wurin waƙar. Hoto ya fito tas, ban taɓa sanin rigar yarinyar kore ba ce sai ranar. Ga kasuwa, ga masu waƙa. Ga keke ya shigo.

Farin mutum ne, ya manyanta, da gashin baki murtuke da jan ɗigo a goshi. Ya tsaya ya sosa ƙeya, ya juyo. Ko a mafarki bai yi kama da yayana ba. Ashe duhun tsohon kwafin ne ya ba mu shi.

Inna ta ce, "Wane ne wannan?"

Ta dafa bango ta tashi da kanta.

Na koma wurin abokina kamar zan yi hauka. Shi ya kawo dabarar. Ya ce in kwafi ne ya ɓata wancan, to mu ɓata wannan. Ya haɗa bidiyo biyu, muka kwafi waƙar, muka kwafi kwafin, muka sake, muka sake. Kowane zagaye launi na zubewa, gashin bakin na narkewa cikin fuska, jan ɗigon ya ɓace. Wajen la'asar sakaliya sai ga shi ya dawo, baƙi, dogo, da karkataccen kai. Abokina ya ce, "Wallahi shi ne."

Na roƙi Inna ta zo sau ɗaya kawai. Ta zo. Ta kalla har ya wuce, ba ta ce a sake ba.

"Cire, Auta. Mai gashin bakin nan ne, na san yana ƙarƙashi."

Na kashe. Muka zauna, ita tana murza ƙullin bakin zanenta. Can sai ta kira sunan yayana, sunansa na yanka, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ba ta taɓa ci ba.

"Ni ban taɓa duban shi da kyau ba," ta ce. "Ina jin muryarsa, ina ganin ƙafafunsa in ya durƙusa. Na ɗauka akwai lokaci. Kai da kuka ci tuwo kwano ɗaya, faɗa mini, yaya idonsa yake?"

Na ce, "Inna, ai idonsa..." Na rufe nawa idon don in hango shi. Na nemo shi a bakin gatari, na nemo shi a kan sitiyari, na nemo shi ranar da ya yi mini sallama ta ƙarshe a tasha. Duk inda na juya, mutumin nan ne ke turo keke, da yayyafi a fuskarsa.

Tana jira, ta zuba mini ido.

Na ce, "Irin naki ne, Inna."

Ban san ko gaskiya na faɗa ba, har yau ban sani ba. Ta ɗaga hannu ta shafa fatar idonta, ɗaya bayan ɗaya, sannan kukan da ba ta yi ba ranar tankaɗe ya zo.