Geron da Baba Ya Shuka a Kushewar Hadari

Ina tsakiyar darasi a lakwal, makarantarmu ta Dogon Dutsi, wayar yayana Habu ta shigo. "Hadiza, ki taho gida. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau ban san wanda ya saka ni motar garinmu Dogon Kiriya ba.

Mahaifinmu Malam Ɗanjimma manomi ne, ko jaki biyu bai taɓa haɗawa ba, amma da labarin doki ya rayu. Kakan kakansa ne mai yankan ciyawar Hadari, baƙin dokin Sarkin Yaƙin wani sarkin Arewa, zamanin yaƙe-yaƙen jihadi. Baba ya san yadda aka hore shi tun yana duƙushi, da gero da kanwar da yake ci, da nauyin lifidin da ake ɗaura masa, sai ka rantse shi ya yi masa sirdi. A yaƙinsa na ƙarshe kibiya ta sami ubangidansa. Hadari ya keto fagen daga da shi kwance a wuyansa, bai tsaya ba sai bakin gari. Da aka kwance lifidi aka tarar shi ma da kibau a ciki. Nan ya faɗi, nan aka binne shi, wurin kuwa yau tsakiyar gonarmu ne.

Ba a taɓa shuka wurin ba. Baba kan kewaye shi da sungumi, ya ce masa sannu, ya wuce. Haka yake da kowace dabba: ba ya kai loma baki sai awaki sun ci. "Mai baki shi jira," in ji shi, "marar baki aka fara ba."

Habu ɗan kasuwa ne mai karatu, harshensa kuma ba linzami. Ya ce, "Baba, wagga al'ada shirka ce." Baba ya ce, "Ban taɓa roƙon shi komi ba, gaishe shi kawai nika yi." Ƙanenmu Isa ya shigar wa Baba, magana ta yi tsami, har Habu da Isa suka daina cin tuwo kwano ɗaya. Habu ya rantse ba zai ƙara taka gidan ba muddin wurin na nan ba a shuka ba.

Da ruwan shuka ya sauka bana, Baba ya ɗauki sungumi ya sare wurin da hannunsa, ya shuka gero. Ina biye da shi ina kuka. Ya ce, "Ɗiyata, doki ya kawo ubangidanai gida don gida shi tsaya. Ba ni bari kushewatai ta raba min 'ya'ya." Habu ya dawo, kwano ya koma ɗaya. Amma daga ranar Baba bai ƙara ambaton Hadari ba, ko jikoki sun roƙe shi. Wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

An girbe gonar duka bayan rasuwarsa, sai wurin nan. Habu ya ɗauki wuƙar girbi ya je, ya daɗe tsaye, ya juyo idonsa ja. "Ba ni iyawa, Hadiza. Shukatai ce ta ƙarshe, kuma ni na sa shi." Geron yana can tsaye, tsuntsaye na ci.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka tausaya masa yadda ya tausaya wa marasa baki. Ka ba Inna haƙurin zama babu shi. Ka sanyaya zuciyar Habu, Ka riƙe mana gidan da Baba ya ba da abin da ya fi so don ya tsaya. Amin.