Ƙaton da Aka Bar Mini

Ina da kamfanin kokawa. Ba shi da ofis, ba shi da ma'aikaci, ko allon suna babu. A kaina yake, sai kuma a bakin wasu mutane da muka saba zama a benci ɗaya a Tudun Wada, nan Minna. Mai dariya ya yi, na ji irinta har na gaji. Sana'ata walda ce, ƙofofi da tagogi da kejin janareto. Makaranta kuwa a aji uku na sakandare na bar ta, don haka kada wani ya zo yana gyara mini rubutu.

Kokawar da nake nufi ta Turawa ce, wadda yara ke ce wa resilin. Tun zamanin kaset muke kallonta a gidan kallo, kuma tun da wuri muka gane shiri ne, akwai wani da ke zama ya tsara wa zai ka da wa. Wannan bai rage mana komai ba. Abin da ke ba mu haushi shi ne mai tsarawar ba shi da kai. Wanda ya cancanci bel, wato ɗamarar gwarzo, sai a kwantar da shi, a ɗauko wani mai kitso a ɗora. Muna ta zaginsa, har wata rana mai kemis na layinmu ya ce, to ku da kuka iya, ku tsara naku mana. Ya ce a ƙasashen waje wasa ne da ake yi. Kowa ya zama mai kamfani, a zaɓi 'yan kokawa bi da bi, wanda ka ɗauka ya zama naka har shekara, ba mai taɓa shi. Duk mako kuma ka zo ka faɗi wasan da ka haɗa da mutanenka, sauran su yanke ko ya yi daɗi.

Da yawa sun fara, mu huɗu muka ɗore. Ni, da mai kemis, da wani tela, da wani direban bas da ke jigila tsakanin Minna da Paiko. Direban Kirista ne, ɗan manoman doya, saboda shi muke yin zaɓen ran Lahadi bayan la'asar, ya dawo daga coci ya ci abinci ya taho. A marafan kwalba muke kartar lamba da ƙusa, a zuba a hular tela, kowa ya zura hannu. Ni ban taɓa ciro lamba ɗaya ba. Ko sau ɗaya. Na sha cewa a duba hular nan.

Akwai wasu 'yan kokawa biyu da ke faɗa tare, abokan juna. Ɗaya ɗan siriri ne mai sauri, ɗayan ƙato mai sanƙo da gemu. Aikin ɗan siririn shi ne ya sha duka. A yi ta jibgarsa a tsakiyar fili, yana rarrafe, yana miƙa hannu wajen abokinsa, ana jawo shi ta ƙafa. Sai ranka ya gama ɓaci, sannan hannunsa ya taɓa na ƙaton, ƙaton ya shigo ya share kowa. A shekarar farko na ɗauki ɗan siririn, da niyyar in ɗauki ƙaton a zagaye na gaba. Direban nan yana kallona, yana dariya, ya ɗauke shi.

Na ce masa wannan mugunta ce, me zai yi da rabin abu. Ya ce ni ma ai rabi gare ni. Muka kusa dambe a kan benci. Mai kemis, wanda shi ne alƙalinmu don ya fi mu boko, ya yanke cewa duk waɗanda suka raba abokai biyu, dole su zauna a ƙarshen shekara su haɗa wasa ɗaya tare. Direban ya ce shi makon Kirsimeti ba ya taɓa sitiyari, in ina so in same shi a Paiko.

Na je ina zagi tun daga tasha. Na same shi a gindin mangwaro a ƙofar gida, ya ɗaure zakara da ƙafa yana jirana. Ya miƙo mini wuƙa, ya ce in yanka da kaina, kada in zo ina tambayar wa ya yanka. An ajiye mini buta da tabarma sabuwa a gefe. Matarsa ta daka sakwara, irin wadda ba a samu a buka. Muka wuni muna musu. Ni ina so a bar ɗan siririna ya yi nasara da kansa ko sau ɗaya, shi yana cewa ƙatonsa ba ɗan kallo ba ne. In na ce kaza ya ce a'a. In ya kawo tasa in ce shirme ne. Sai da rana ta yi sanyi muka gama wasa ɗaya tal, na bi motar ƙarshe.

Shekara ta zagayo, na sake ɗaukar ɗan siririn. Ya sake ɗauke ƙaton. Na zage shi, ya yi dariya, na je Paiko. Haka muka yi ta yi. Ba mu taɓa zama mun ce ga abin da za mu riƙa yi ba. Mutanen nan biyu ma sun tsufa, sun daina fitowa a talabijin, ba mai son su, tela da mai kemis sai su tsallake su kamar ba su gan su ba. Matata ta koma gidansu da yara tun tuni, wannan wani labari ne kuma ba shi nake bayarwa ba. Ina faɗa ne kawai don a san cewa a duk shekara, gidan da nake shiga a ajiye mini abinci da sunana, wannan ne.

Sai abubuwa suka watse yadda suke watsewa. Tela ya bi ɗansa Kaduna. Mai kemis ya buɗe shago na biyu, ya yi tumbi, ba shi da lokacin benci. Idon direba ya fara ba shi matsala, ya sayar da bas ya koma gona. Mai kemis ya ce kada wasa ya mutu, ya buɗe mana gurup a waya, ya zubo wasu sababbin mutane da ban san fuskarsu ba. Babu hula, babu marfin kwalba. Shi zai turo jerin layi ya ce kwamfuta ce ta zaɓa. A nan ma ban taɓa zuwa na ɗaya ba. Zaɓen da muke gamawa kafin magariba ya koma na kwana da kwanaki, kowa sai ya ga dama zai turo nasa. Ni da direba murya muke turawa, rubutun waya ba namu ba ne. Duk da haka abin namu bai canza ba, ina ɗaukar rabina yana ɗaukar nasa, ina hawa motar Paiko.

A zaɓen da ya wuce, na ɗauki ɗan siririn a inda na saba ɗaukarsa, na ajiye waya a kan teburin ƙarfe na ci gaba da aiki. Da layi ya zo kan direba, na ɗaga gilashin walda na saurara. Sai na ji ya ɗauki wani yaro sabon fitowa. Na ce to, yana ja mini rai ne. Zagaye na gaba ya ɗauki wani mai rufe fuska. Na gaba kuma ya ɗauki wata mace. Ni kuma duk layina ya zo sai in tsallake ƙaton in ɗauki tarkace, mutanen da ko a mafarki ba zan ba su bel ba. Kamfanina ya cika da shara saboda jiran mutum ɗaya. Ɗaya daga cikin sababbin ya rubuto yana tambaya ko ƙaton nan yana da mai shi ne. Mai kemis ya ce masa ya bar wannan, akwai tarihi.

Da ya rage saura zagaye ɗaya, na kira shi. Ina jin kukan awaki a bayansa.

“Ɗan Paiko, idon ne ya ƙarasa, ko kunnen ma ya bi shi?”

“Oga walda,” ya ce yana dariya. “Yaya aiki? Akwai wuta a wajenku?”

“Bar zancen wuta. Ƙaton fa?”

“Ai na bar maka ne. Ka dauka ka hada su. Shekara nawa kana kuka na raba maka yara.”

“Wa ya roƙe ka?”

“Ba wanda ya roke ni. Bara da ka zo, na ga yadda ka sauka daga mota kana rike kugu. Ka ce hanyan nan zai kashe ka, ka ce taurin kaina ne ya sa kake shan wahala. Madam ma ya ji. Ya ce, mutumin nan ka kyale shi ya huta mana, ba yaro ba ne.”

Gaskiya ne na faɗi haka. Kowace shekara ina faɗa, tun ranar farko, kuma kowace shekara dariya yake yi ya miƙo wuƙa. Mutumin da ya san ni tun gemuna yana baƙi ya kamata ya san yadda bakina yake. Wai sai yanzu ne zai fara jin maganata.

“Kana ji na?” ya ce. “Gida kuma gidanka ne. Kofa a bude yake, kowane lokaci ka ga dama ka zo.”

Kowane lokaci. Ni ban taɓa zuwa gidan mutum haka kawai ba, in zauna ana kallona ana tunanin me ya kawo ni. In na je da aiki, na je da aiki. Me zan ce masa? In ce ni, da furfurata, ina so a ci gaba da tilasta mini zuwa cin sakwara? Na ce masa ya kyauta, ya gai da madam. Na kashe waya.

A zagaye na ƙarshe na ɗauki ƙaton, don in na bar shi wancan baƙon ne zai ɗauka, in koma haɗa wasa da wanda ban sani ba. Gurup ya cika da hoton tafi. Mai kemis ya rubuto cewa a ƙarshe dai an yi wa oga walda adalci. Tela ya turo murya daga Kaduna yana taya ni murna, kamar an yi mini haihuwa.

Shekarar ta tafi, ina turo wasannina duk mako, wani lokaci a saurara, wani lokaci a'a. Mutanen nan biyu ban haɗa su ko sau ɗaya ba, na ajiye su. Da makon Kirsimeti ya zo na buɗe shago kamar kullum. Babu wuta, babu aiki, layin shiru. Na zauna a kan tsohuwar jarka na ce bari in haɗa babban wasan. Kafin shayina ya huce na gama. Abin da muke wuni a kansa ke nan. Duk abin da na ce ya zauna, ba mai cewa a'a.

Sai na rushe shi na sake wani. Na sa aka yi wa ɗan siririn dukan da ba a taɓa yi masa ba. Ya yi rarrafe, ya ja jiki, ya kai kusurwa, ya miƙa hannu. Ƙaton ya dube shi, ya janye nasa hannun, ya sauka daga dandamali ya yi tafiyarsa, ko waiwaye babu. Na ɗauki muryata ina faɗin wannan dalla-dalla, na tura gurup.

Na san abin da nake yi. Shekara da shekaru mutumin nan bai taɓa yarda ƙatonsa ya ja da baya ko taku ɗaya ba. Ko cewa na yi a sa shi ya yi tuntuɓe, sai ya ajiye lomarsa ya tashi tsaye. Na tabbata zai kira ya ce na ɓata masa yaro, in ce ai ba yaronsa ba ne yanzu, ya ce wannan magana ba ta waya ba ce. Har na duba ko rigata mai kyau a wanke take.

Sababbin nan suka yi ta yabo, wai wasan shekara ke nan, wai ba su taɓa zato ba. Ban kula su ba. Ina kallon waya har na ga alamar direban ya saurara. Aka jima, sai ga muryarsa, gajeriya, da hayaniyar baƙi da ƙarar turmi a bayansa.

“Oga walda, na ji. Ya yi kyau sosai. Ka ga da ka samu su biyu, ka fi iya shiryawa. Barka da hutawa.”

Tun da muka fara wasan nan bai taɓa ce wa wani abu nawa ya yi kyau ba, sai ranar. Na saurara sau ɗaya, na kife wayar. Can wajen azahar aka kawo wuta, akwai wata ƙofa da mai ita bai matsa ba, na jawo ta na kama aiki.