Neman Farantin Ƙafar Mota a Kano

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga garinmu, can bayan Ɗanbatta, mu uku: ni, da ƙanena da ke tuƙi, da abokinmu mai faci wanda ba wanda ya gayyace shi amma ya riga mu shiga mota. Masu damuna a waya da tambayar me ya kai ni Kano alhali ba ranar lodi ba ce, to ga bayani, ku karanta ku bar ni in huta.

Motar tamu ce ni da ƙanena, mun haɗa mun saya tun duniya na kwance. 'Yar Jamus ce, tsohuwa, amma injinta ba na wasa ba ne. Ita ke kai gero da wake kasuwar Dawanau, ita ke ci da gida biyu. Shi kuma ƙanen nawa, magidanci da 'ya'yansa, Allah ya jarabce shi da son tsere. Akwai wata masana'anta da ta mutu a hanyar Gezawa, aka bar filinta da kwalta a shimfiɗe. Masu son abin suka jera tsofaffin tayoyi suka fitar da hanya mai kwana-kwana, suna haɗuwa bayan kaka. Bara a babbar kwanar filin ya murɗa sitiyari motar ta ƙi bi, ta miƙe ta daki tarin tayoyi, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Inna ta kira ni ta damƙa min makullin motar, tun daga nan sai ina ciki yake tuƙi. Ni kuma na ba ta magana ɗaya: ba zai sake shiga filin nan ba sai na ga motar ta kama wannan kwanar da idona. In ba ta kama ba, tsere ya ƙare a gidanmu. Abin da ya fito da mu ke nan.

Hanya fayau. Tun da mai ya yi wannan tsadar, titin da a da sai ka jira kafin ka tsallaka, yanzu akuya ma kwanciyarta take yi a kai. Kekuna sun dawo, jakuna sun dawo, har wani dattijo muka wuce da babbar riga a kan amalanken shanu yana amsa waya. Gonaki dama da hagu an girbe gero, dawa ce kawai a tsaye tana jiran lokacinta. Mun tsaya karyawa wajen wata mai ƙosai a bakin hanya. Ƙosan ya ƙanƙance har mai faci ya ce a ba shi cokali, kada ya ɓace masa tsakanin yatsu. Matar ta ce ya je ya tambayo kuɗin wake tukun ya dawo su yi magana. Muka biya muka kama gabanmu, don mu ne masu kai waken.

Bari in gaya muku abin da muka je nema, don na san yawancinku sai dai ku shiga mota ku fita. Idan mota ta shiga kwana da gudu, nauyinta duk yana komawa kan tayar waje, sai tayar ta kwanta a kan gefenta, ta daina taka ƙasa da faɗinta. Shi ya sa tayoyinmu na gaba gefen waje ya cinye sumul, ciki kuwa kamar sabo. Maganinsa a ɗan karkatar da kan tayar ciki, yadda in nauyi ya faɗo mata sai ta zauna daidai. To amma mu motarmu ba ta tsere kaɗai ba ce. In ka bar ta a karkace ka ɗora mata buhuna, cikin tayar ne zai tafi, kuma taya a wannan zamani ba abin da ake saya da dariya ba ne. Don haka muke son faranti da ake ɗaurawa a saman shokozoba, mai doguwar ƙofar noti, ka kwance ka tura ciki ranar fili, ka dawo da shi ranar kasuwa.

Hantsi ya yi muka shiga Ƙofar Ruwa. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya ɗauka duk motocin duniya nan suke zuwa mutuwa. Ƙofofi a jingine, injina a tare, ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai. Rumfa nawa muka shiga ban ƙirga ba. Wasu ba su ma taɓa jin abin ba, wani kuma ya ce yana da shi, ya aika aka kawo mana farantin kuloci. Daga ƙarshe aka kai mu wajen wani Ibo haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya fito da kala biyu ya aje a kan benci.

Na farko sabo ne dal, ja, mara nauyi, an zana masa layuka kamar ma'auni, tsakiyarsa boris ne tsirara babu roba. Ƙanena na ganinsa ya riƙe kamar an miƙa masa jariri. Na biyun na hannu ne, ɗan kwatano, baƙin ƙarfe mai kauri, mummuna, da roba a tsakiya. Mutumin bai ɓoye mana komai ba. Ya ce a fili jan ya fi, don sitiyari zai ji komai, sai dai boris ɗinsa ba ya shiri da yashi da ramuka. Ya tambaye ni yaya hanyar garinmu take. Na ce masa ba hanya ba ce, wurin da muka saba bi ne kawai.

"Yaya, wannan fa shi ake sa wa motocin gaske," in ji ƙanena.

Na ce, "Motocin gasken suna ɗaukar wake?"

Ban tsaya a nan ba. Mun zo da tsohon kan shokozoba a buhu, na ɗora shi a kan baƙin na ga ramukan noti sun hau daidai. Na sa yatsa na girgiza tsakiyarsa, ba ya wasa. Na duba ƙofar notin ko ta buɗe ko ta tsage, lafiya lau. Sai da aka ɗaura ma na sa aka tura shi har ƙarshe na leƙa ƙasa, na tabbata sifirin ba ya gugar jikin mota. Baƙin muka ɗauka. Ƙanena ya yi ta fushi har muka ci shinkafa da wake a bakin kasuwa, wadda man da aka zuba mata sai dai a ce an nuna mata kwalbar.

A nan muka tafka kuskure, mu ukun duka. Don ɗoki, makanikin da ya ɗaura yana cewa mu tsaya a duba saiti, muka ce rana na yi, muka bar farantin a ture har ƙarshe muka kama hanyar Gezawa. Ba mu yi nisa ba motar ta fara yawo a titi kamar mai neman abin da ya faɗi, tayoyi na kuka a miƙaƙƙiyar hanya. Mai faci ya ce a tsaya. Ya ɗora tafin hannu a cikin taya ya janye da sauri. Ashe in ka karkatar da kan taya, bakinta ma yana juyawa, sai tayoyin biyu su daina kallon gaba tare. Da mun ƙara tafiya haka, da mun kashe tayoyin kafin mu ga filin.

Ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa muka yi aikin. Babu na'ura, zaren ɗinkin buhu ne a but, shi muka ja daga tayar baya zuwa ta gaba. Muka rage karkatar zuwa rabi, na shiga ƙasa da sifana ina juya sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa, mai faci na duban zare yana cewa ƙara, rage. Wasu manoma da ke ɗaurin karan gero suka zo suka tsaya a kanmu, kowa da shawararsa, har da wanda ya ce mu sayar mu sayi shanu. Bayana har yau bai daina ciwo ba.

Bayan la'asar muka isa filin. Ba kowa sai maigadi da awakinsa. Mai faci ya shafa farar ƙasa a gefen tayoyin gaba, don mu ga iya inda kwalta za ta lasa. Na tafi na tsaya a babbar kwanar, daidai inda aka kwashe shi bara, na ɗaga masa hannu.

Zagayen farko a hankali ya zo. Na biyu ya ƙara. A na uku na ji injin ya canza murya tun daga nesa, na san ya zo da gaske. Ya taka birki, ya murɗa, motar ta sunkuyar da kai ta bi kwanar kamar an ja ta da igiya, ta fita ta bar ni da warin roba. Ya sake, ta sake bi. Da ya tsaya muka duba, farar ƙasar gefe tana nan ba a taɓa ta ba, mai faci ya shafa tayar daga waje zuwa ciki ya ce ɗuminta ɗaya. Ƙanena ya fito yana haki.

"Yaya, ka gani?"

"Na gani. Ba ni ƙusa."

Na karce farantin a wurin da yake, alamar fili ke nan. Muka mayar da shi tsaye, muka sake jan zare, na yi wani karcen, alamar kasuwa. Haka na yi wa sandar sitiyari. Sannan muka ɗauki fasinja biyu da buhunan taki a bakin titi, don ba mai komawa gida da mota wayam a wannan marra.

Ana kiran magariba muka shiga gari. Inna na zaune a tabarma da carbinta, ba ta tambayi hanya ba, ni kawai ta kalla. Na ce mata motar ta kama kwanar, na gani da idona. Ta ce to a ba shi makullin, amma ranar tseren in tsaya a wannan kwanar har a tashi. Na ce dama can nan zan tsaya.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Kaya ba kyansa ake saya ba, hanyar da zai bi ake dubawa. In ka taɓa abu ɗaya a ƙafar mota, duba na kusa da shi kafin ka tayar. Kuma na gano ƙanen nan nawa da nake yi wa kallon mai wasa da abincinmu, direba ne, wallahi direba ne. Ban gaya masa ba, kuma kada wanda ya kai masa. Makullin dai na aje masa a kan buhun wake, ya kai Dawanau da safe tukun.